A Rediyo, Ji Ne Ke Korar Gani

A watan Nuwamba na 2016, gidan gwanjon Sotheby's da ke Landan ya yi gwanjon kayan ƙawa na mawaƙin Ingila David Bowie, wanda ya rasu a farkon shekarar. Cikin kayan akwai wani rediyo haɗe da garmaho, ƙirar kamfanin Brionvega na Italiya, samfurin RR126 na tsakiyar shekarun 1960. Masu gwanjo sun yi masa ƙiyasin fam 800 zuwa 1,200. Da aka tashi ciniki, a kan fam 257,000 aka sayar da shi. Babu mai cewa sautinsa aka saya da wannan dukiya. An sayi sunan wanda ya mallake shi, an sayi fuskarsa.

Wannan ciniki ya wuce misali, amma ya nuna inda hankalin kasuwar tsofaffin rediyoyi ya karkata. A Turai, Amurka da Japan akwai dubban mutane da ke tara rediyoyin taransista na kan tebur, waɗanda aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa na 1970. Wasunsu masu gyara ne, suna kwana da ƙarfen dalma a hannu. Amma waɗanda ke ɗaga farashi galibi masu kallo ne: launi suke tambaya, da sunan wanda ya zana, da ko kwalin da aka sayo shi a ciki yana nan. Ra'ayina shi ne wannan ma'auni ya karkace. An ƙera rediyo ne domin kunne, kuma duk hukuncin da za a yanke masa ba tare da an kunna shi ba, rabin hukunci ne. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A rediyo kam, ji ne ke korar gani.

Kafin mu kai ga hujja, ya kamata mu san abin da ake magana a kansa. Har zuwa shekarun 1950, rediyon ɗaki yana aiki ne da wasu kwalabe na gilashi masu kama da ƙwan fitila. Sai sun ɗauki zafi kafin murya ta fito, suna cin wuta, suna buƙatar fili da ramukan shan iska, shi ya sa akwatin yake zama ƙato. A watan Disamba na 1947 aka ƙirƙiro taransista a ɗakunan bincike na Bell da ke Amurka, 'yar aba wadda ke yin aikin kwalbar ba tare da zafi ba. A 1954 aka fitar da Regency TR-1, rediyon aljihu mai taransista huɗu, a kan dala 49.95. Shekara ɗaya bayan nan kamfanin da daga baya ya zama Sony ya fitar da TR-55 a Japan. Na aljihu suka fara cin kasuwa, amma muryarsu siririya ce, kamar mai magana ta cikin gwangwani. A shekarun 1960 ne taransista ta ƙoshi har ta hau tebur, ta karɓe gurbin kwalba a falo da kicin da gefen gado. Tun da zafi ya kau kuma kayan ciki sun ƙanƙance, sai masu ƙira suka sami 'yancin da ba su taɓa samu ba. Tambayar ita ce me kowa ya yi da 'yancin nan. Rediyoyi biyu na shekarun sun ba da amsa biyu mabambanta.

Na farko shi ne Brionvega TS 502, wanda Marco Zanuso da Richard Sapper suka zana a Milan a farkon shekarun 1960. Idan yana rufe, ba za ka ce rediyo ba ne. Dunƙulen roba ne mai sheƙi, kusurwoyinsa a daddaɗe, ruwan lemo ko fari ko baƙi. Sai ka buɗe shi gida biyu kamar ƙwaryar da aka fafe, ɓari guda ya zama lasifika, ɗayan ya nuna maka allurar tasha da abubuwan murɗawa. Yau yana cikin kayan gidan adana fasahar zamani na birnin New York. Mu ma'aikatan kwamfuta muna da dalilin girmama Sapper, domin shi ne ya tsara kamannin kwamfutar ThinkPad ta kamfanin IBM a 1992, kuma dabarar ɗaya ce: akwati shiru a waje, sai an buɗe a ga abin da ke ciki.

Na biyu shi ne KLH Model Twenty-One, wanda ya fito a 1965 daga garin Cambridge na jihar Massachusetts. Akwatin katako ne mai kusurwa huɗu, gefe guda ƙyallen lasifika, gefe guda da'irar lambobi. In ka wuce ta gabansa ba za ka waiwaya ba. Zangon FM kaɗai yake kamawa. Amma wanda ke bayansa, Henry Kloss, maƙerin lasifika ne kafin ya zama maƙerin rediyo. Shi da Edgar Villchur suka kafa kamfanin Acoustic Research a 1954, inda aka fito da dabarar toshe akwatin lasifika ruf, iskar da ke kulle a ciki ta riƙa tallafa wa motsin lasifikar. Da wannan dabara ƙaramin akwati kan fitar da kaurin murya irin wanda a da sai babban akwati. Kloss ya ɗauko wannan ilimi ya zuba a rediyon tebur. Sakamakonsa shi ne muryar mai karanta labarai tana fitowa da ƙirjinta, ba ta hanci ba, kuma ganga tana fitowa ganga.

Ban ce TS 502 ba shi da murya ba. Yana da ita daidai gwargwado, kuma raba lasifika a ɗakinta dabara ce mai ma'ana. Sai dai mafi kyawun abin da ke gare shi yana bayyana ne lokacin da yake rufe, wato lokacin da bai yi shirin magana ba. Shi kuwa KLH ba ya nuna komai sai an kunna shi. Kasuwar masu tarawa ta fi ɗaukaka na farko nesa ba kusa ba, domin hoto yana iya ɗaukar launi amma ba ya ɗaukar sauti, kuma yawancin cinikin yau da hoto ake yin sa a kan waya. Ni kuwa in za a ba ni ɗaya in zauna da shi shekara goma, na katakon zan ɗauka. Tarihi ma ya ɗan goyi bayana. A shekarar 2000 Kloss ya sake fitar da wannan tunani da sunan Tivoli Model One, shekara biyu kafin rasuwarsa, kuma har yau ana ƙera shi ana saye domin saurare.

Bayan kunne, sai hannu. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi jan hankalina a matsayina na mai rubuta manhaja, domin rabin aikinmu shi ne tunanin yadda yatsan mutum zai sadu da na'ura. Rediyon tebur mai kyau yana da abin murɗawa biyu ko uku: na ƙara, na tasha, wani lokaci na zango. Babu rajista, babu kalmar sirri, babu saƙon da ke cewa a sabunta kafin a ci gaba. Kakar da ba ta yi boko ba da jikanta ɗan shekara biyar duk za su iya da shi cikin minti ɗaya. A KLH an sa wa abin neman tasha giya mai rage gudu, ta yadda yatsa zai yi tafiya mai nisa allura ta matsa kaɗan. A Model One an mayar da shi murɗawa biyar ga juyi ɗaya. Amfaninsa shi ne kunne da yatsa suna aiki tare: kana murɗawa kana jin shuuu yana raguwa, murya tana matsowa, har ka tsaya a tsakiyarta daidai. Wannan jin ba ya fitowa a hoto. Wanda ya ajiye rediyo a bayan gilashi ya hana kansa mafi kyawun abin da maƙerin ya yi wahala a kai.

Ba yau masu ƙirar na'urorin zamani suka fara leƙen wannan gida ba. An daɗe ana kwatanta iPod na 2001 da rediyon aljihu na Braun T3 wanda Dieter Rams ya zana a 1958: farin akwati, da'ira guda, ba tarkace. Amma kamannin aka aro. Abin da ba a aro ba yana ciki.

Juya tsohon rediyo ka kwance dunƙulen kusoshi huɗu ko shida na bayansa. Kowane ɓangare kana ganinsa da ido: sandar baƙin ƙarfe da aka naɗe da siririyar waya, ita ce eriyar matsakaicin zango, faifan ƙarfe masu shiga juna in an murɗa, su ne masu zaɓar tasha, zaren da ke jan allura, taransistoci tsaye a kan ƙafa uku-uku. Da yawa daga cikin kamfanoni suna liƙa taswirar wayoyin a jikin murfi, ko su buga ta a littafin masu gyara. Kusan dukansu kuma tsari ɗaya suke bi, wanda Edwin Armstrong ya fito da shi a 1918: kowace tasha aka kamo, sai a sauya ta zuwa mataki guda tsayayye kafin a ƙara mata ƙarfi, galibi kilohaz 455 a matsakaicin zango, megahaz 10.7 a FM. Saboda haka wanda ya fahimci rediyo ɗaya ya kama hanyar fahimtar dubu. A sana'armu muna da manhajar da ake barin rubutunta a buɗe kowa ya karanta ya gyara, muna kuma alfahari da ita kamar mu muka ƙirƙiro tunanin. Masu rediyo sun riga mu da shekaru da dama.

Cututtukansu ma sanannu ne, kuma suna da magani. Kafasitoci masu ruwa a ciki suna bushewa da tsufa, sai rediyo ya riƙa gurnani ko muryarsa ta dusashe. Canza su aikin awa ɗaya ne ko biyu. Abin murɗa ƙara yana tara datti ya riƙa ƙaraf-ƙaraf, feshin mai wankewa ya ishe shi. Zaren allura yana tsinkewa, a ɗaura sabo. Batirin da aka manta a ciki yana zubar da ruwa ya cinye ƙarfe. Rediyoyin Turai na shekarun 1960 masu taransistar jamaniyom irin AF117 suna da wata cuta ta daban: wasu siraran gashin kuza ne ke tsirowa a cikin kwanson, su haɗe wayoyin da bai kamata su haɗu ba, rediyo ya yi gum. Masu gyara sun san ta, sun san yadda ake kewaye ta. Kwatanta wannan da wayar da kake karanta rubutun nan a kanta. An liƙe batirinta da gam, kuma ranar da kamfani ya daina aiko mata sabuntawa, za ta fara mutuwa ko da ko ƙwarzane babu a jikinta. Rediyo mai shekara sittin yana tashi da kayan gyara masu arha. Wayar da za ta kai shekara goma tana aiki sai an tona.

Duba ciki yana da wani amfanin kuma: yana tona asirin masu ƙarya. A shekarun 1960 yawan taransista ya zama abin talla, kamar yadda yau ake tallar waya da yawan idanun kamara. Sai wasu kamfanoni suka riƙa cusa taransistocin da ba sa aikin komai, ko waɗanda aka yar a masana'anta, don dai a rubuta 12 ko 14 a goshin akwati, alhali shida ne ke ɗauke da nauyin. Abin ya yi yawa har hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta kafa doka a kansa a 1968. Mai tarawar da ke sayen lambar da ke goshi har yau yana faɗawa tarkon da aka ɗana wa kakansa. Kallon kitse yake yi wa rogo.

Daga nan ne muke isa ga gardamar da ta raba masu wannan sha'awa gida uku. Kashi na farko sun ce kada a taɓa komai: rediyo ya zauna yadda ya fito daga masana'anta, ko da ya bebance, domin kowane sabon ɓangare yana rage masa asali. Kashi na biyu sun ce a gyara, a canza abin da ya mutu, a ajiye tsohon a 'yar leda a cikin akwatin domin na baya. Kashi na uku sabbin shiga ne: suna kwashe kayan ciki gaba ɗaya su zubar, su dasa ɗan guntun Bluetooth, akwatin ya zama lasifikar waya mai tsohuwar fuska.

Na farko suna da hujja a wuri ɗaya. Idan abu ya yi ƙaranci ƙwarai, kamar TR-55 wanda kaɗan suka rage a duniya, to ya zama shaidar tarihi, kuma ba a yi wa shaida kwaskwarima. Amma yawancin rediyoyin tebur an ƙera su dubbai ne, wasu miliyoyi, kuma barin su bebaye da sunan asali kamar ajiye doki ne a hana shi sukuwa don kada kofatonsa ya goge. Na uku kuwa, a ganina, ɓarna suke yi. Sun ɗauki abin da kowa zai iya gyarawa sun mayar da shi abin da ba mai gyarawa, sun yar da ɓangaren da ya rayu shekara sittin sun sa wanda ba lallai ya kai biyar ba. Fata suka ajiye suka zubar da nama. Wanda ke son jin wayarsa ta tsohuwar lasifika yana da hanyar da ba ta kashe komai: da yawa daga cikin rediyoyin nan suna da ƙofar shigar da sauti a baya, wasu kuma ana iya ƙara musu ita a cire in an ga dama. Ina tare da kashi na biyu.

Sai dai adalci ya sa a faɗi abin da ke tura mutane ga Bluetooth ɗin. Rediyo ba ya magana shi kaɗai, sai akwai mai yi masa magana daga nesa, kuma a Turai tashoshin suna yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Gidan rediyon Deutschlandfunk na Jamus ya kashe na'urorinsa na matsakaicin zango a ƙarshen 2015. Faransa ta rufe shirye-shiryen France Inter a dogon zango a ƙarshen 2016. Norway ta sauke tashoshinta na ƙasa daga FM a 2017. Bajamushen da ya gyara rediyon kakansa tsaf zai iya murɗa allura daga wannan gefe zuwa wancan da rana bai ji komai ba sai shuuu. Ko inda tashoshin ke nan, gidan zamani cike yake da abokan gaba: cajar waya, ƙwan fitila mai tsimin wuta da inbata duk suna watsa hayaniyar da ke danne matsakaici da gajeren zango. Wannan hujja ce ta gaske. Amma hujja ce ta inda iska ta mutu, kuma ba ko'ina ta mutu ba.

A nan ne maganar ta shafe mu. Zamanin taransista da zamanin rediyon Hausa tare suka taso. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, sashen Hausa na muryar Jamus a 1963. Abin da ya kai waɗannan muryoyi ƙauyen da ba lantarki shi ne akwatin da ke aiki da batir, wanda kwalba ba za ta iya ba cikin sauƙi. Iyayenmu sun haddace mita 16 da 19 da 25 da 49 kamar sunayen unguwanni. Rediyo ya shiga harshe har aka sa wa mai yawo da labari suna rediyo mai jini. A gidaje da yawa ana ɗinka wa akwatin riga ko a lulluɓe shi da ƙyalle saboda ƙura, wato an san darajarsa a ido, amma da asuba da bayan isha ana yaye ƙyallen a kunna. Ba a taɓa raba ado da aiki ba. Kuma har yau iskarmu a cike take. Tun da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, tashoshin FM sai ƙaruwa suke a biranen Arewa. Tsohon rediyon da ya rasa abokin hira a Turai, a Kano ko Zariya ba zai yi shiru ba.

Abin takaici shi ne mu da muke da iskar, akwatunan muke zubarwa. National da Philips da Sony na iyayenmu suna ƙarewa a buhun 'yan gwangwan, a fasa a cire tagulla a auna a kilo. Masu gyaran rediyo na bakin kasuwa, waɗanda ke gane cuta da jin gurnani kawai, suna tsufa, yaransu kuma sun koma gyaran waya, inda aikin galibi cire allo ne a sa wani. Ranar da na ƙarshensu ya rufe rumfa, taswirar wayoyi za ta zama rubutun da ba mai karantawa.

Ga wanda ke son shiga wannan sha'awa, ga abin da ma'aunin kunne ke buƙata. Ka nemi a kunna maka kafin ka tambayi farashi. Ka buɗe ɗakin batir ka duba ko ruwa ya ci shi. Ka karanta lambobin da'irar FM: wanda aka ƙera domin kasuwar Japan daga 76 zuwa 90 yake tsayawa, na tsohuwar Tarayyar Sobiyet yana wani zango can ƙasa, wasu tsofaffin na Turai kuma ba sa wuce 100 ko 104, alhali tashoshinmu suna kaiwa 108. Ka duba bayan akwati kafin ka soka shi a bango: na Amurka irin KLH wutar bolt 120 yake sha, tamu kuwa 230 ce, in ba ka sa tiransifoma mai rage wuta ba hayaƙi za ka gani. In ka ga wasu 'yan alamomi biyu a kan 640 da 1240 na da'irar matsakaicin zango, na kasuwar Amurka ne tsakanin 1953 da 1963, lokacin da doka ta sa a nuna tashoshin da za a koma in yaƙin nukiliya ya ɓarke. Kuma kafin ka leƙa kasuwar intanet, ka leƙa ɗakin ajiyar gidanku.

Masu ido sun yi wa tsofaffin rediyoyi rana ɗaya, dole a yaba musu: da ba su ɗaga darajarsu ba, da da yawa sun tafi juji. Amma tsira daga juji a ƙare a bayan gilashi rabin tsira ne. Da tsohuwar zuma ake magani, in an buɗe tulun. Rediyon da ya cancanci wuri a kan tebur shi ne wanda za a murɗa da safe ya yi sallama.